Ruwan Sabuwar Randa

Ruwan da na kawo ne ya ɓata hoton Inna, ko kuwa wutar da aka ɗauke ce? Har yau ban sani ba. Na tambayi masu hoto, na tambayi zuciyata har ta gaji da ni. Wanda ya fi kowa sani kuwa ƙasa ta rufe shi. Ki rubuta yadda na faɗa, jikata. In kin ga ina kuka kada ki ajiye biron, hawayen tsohuwa ba ya hana aiki.

Inna ita ce mahaifiyata. Sau ɗaya tak ta taɓa zama a gaban kyamara, hoton ya lalace, mijina kuma ya ɗauki laifin a kansa har ya bar duniya.

Malam, kakanki ke nan, mai hoto ne a nan Malumfashi. Tun aurenmu hoton baƙi da fari yake yi, yana wanke abinsa a ɗan ɗakin da ke kusa da zaure. Da hoto mai kala ya shigo sai kasuwa ta juya masa baya, domin kowa kala yake so, kala kuma sai an aika da fim Kano ko Kaduna, a yi ta jira. Wani lokaci ma a dawo maka da na wani. Akwai wani Alhaji da ya ba Malam fim ɗin sunan ɗansa, bayan mako uku aka kawo masa hotunan wasu mutane da bai taɓa gani ba suna yanka kek. Ranar Malam bai ci tuwo ba.

Ana nan sai ya ji labarin wani Ba'indiye, malamin makaranta a Funtua, zai koma ƙasarsu yana sayar da kayansa, ciki har da injin wanke fim mai kala. Malam ya ɗauko shi a bayan a-kori-kura, an naɗe shi da bargo kamar mara lafiya.

Ni dai da na gan shi komi na gani, irin wanda ake ba dabbobi ruwa, sai dai na roba ne kuma yana da waya. A cika shi da ruwa, kwalaben magani su zauna a ciki har wuya, sai a kwantar da wani baƙin gwangwani a gefe, fim ɗin yana cikinsa. Da an kunna, injin da kansa yake ɗumama ruwan. Malam ya ce ɗumin dole ya zama kamar jikin mai zazzaɓi, kada ya ɗara, kada ya gaza. Gwangwanin ya yi ta juyawa, dama, hagu, dama, hagu. In lokaci ya cika injin ya yi ƙara, ya zubar da wannan magani ya ja na gaba, ba wanda ya taɓa shi. Ƙugin da yake yi ya sa matar maƙwabcinmu ta shigo da kwanon tattasai, wai ta ji mun sayi injin markaɗe. Malam ya ce mata, “Hajiya, in na markaɗa miki a nan, miyarki za ta fito da hoton maigidanki.” Ta ce, “Allah ya kiyaye, ganinsa a gida ma ya ishe ni.”

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan duk wannan hidima ba hoto ke fitowa ba. Wata doguwar leda ce mai ruwan ƙasa-ƙasa, mutanen ciki baƙinsu ya koma fari, farinsu ya koma baƙi. Dodon hoto ke nan. Sai an kai shi Zariya sannan a buga a takarda. Na ce, “To Malam, tunda sai an je Zariyar, mene ne amfanin komin naka?” Ya ce, “Baiwar Allah, takarda in ta ɓaci sai a sake bugawa, ko sau goma ne. Fim kuwa sau ɗaya ake wanke shi. In ya ɓaci a nan, ya ɓaci har abada. Shi ya sa nake so ya zama a hannuna.” Na ji maganar, amma ban riƙe ta yadda ya kamata ba.

Ya wanke na mutane da yawa, suka fito tas. Akwai na wani ɗaurin aure a coci wajen Kafur, har jan furen da ke hannun amarya ya fito kamar ka miƙa hannu ka tsinka. Shi na ɗauka na tafi da shi ƙauyenmu Ƙarfi na nuna wa Inna.

Inna ba ta ƙi hoto don addini ba. Kunya ce. Mai hoton da ta sani a duniya surukinta ne, ita kuwa tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ya je gaisuwa, daga bayan zana yake durƙusawa, ita tana ciki tana amsawa. Duk lokacin da na yi mata zancen hoto sai ta ce, “Ni in zauna surukina ya ƙura mini ido ta cikin gilashi? Ai gara ƙasa ta tsage in shige.” Amma ranar da ta ga jan furen nan ta daɗe tana jujjuya takardar. Can sai ta ce, “Lalle ma zai fito ja haka?” Na ce zai fito. Ta ce, “To in dai ba shi zai tsaya a gabana ba.”

Bayan an gama cirar auduga muka je. Inna ta kwana da lalle hannu da ƙafa, ta ɗaura saƙinta na cikin adaka, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune kusa da tarin audugar Yaya, mazarinta a hannu. Yaya shi ne babban wanmu, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar Baba. Malam ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku tun Inna tana ɗaki, ya nuna mini inda zan leƙa da inda zan danna, sannan ya fita ya tsaya a bayan zana.

“Kina ganinta a gilashin?” in ji shi daga can.

Na ce, “Ina ganin rabinta.”

“Wane rabin?”

Inna ta ce, “Ce masa rabin da babu ruwansa da shi.”

Dariya ta kama ni har kyamarar ta so ta faɗi. Ya ce in matsa da ita hagu, na matsa dama. Ya ce ta ɗaga haɓa, ta ce haɓarta ce, ba shi ya ba ta ba. Da ƙyar dai na same ta cikakkiya a gilashin, ta buɗe tafin hannunta ɗaya a kan gwiwa don lallen ya fito. Na danna sau uku. Ban taɓa ganin Inna da kyau irin na wannan rana ba, ta cikin ɗan ƙaramin gilashin nan, kamar tana nesa kuma kamar tana kusa.

Ba a wanke fim ɗin da wuri ba. Maganin Malam ya ƙare, lokacin kuwa kaya sun yi wuya, sabulu ma sai an bi layi, balle maganin hoto. Ya sa fim ɗin a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado. Bazara ta shigo da zafinta. Cikin bazarar nan Inna ta kwanta, kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Wayyo Inna. Ko ganin hoton ba ta yi ba. Tana kwance ta tambaye ni sau ɗaya, “Mutumin naki bai wanke ba?” Na ce ya kusa.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya zo gidanmu, daidai lokacin da Malam ya samo magani daga Kano. Yaya ya ce a ba shi fim ɗin ya kai Kano da kansa, wurin masu manyan injuna. Malam ya ce, “Alhaji, can ne suke musanya wa mutane. Nan kuwa idona yana kai.” Yaya ya ce, “Ni ban yarda da wannan komin ba.” Suka juyo suna dubana, ni da nake tsugune a bakin ƙofa. Ni ce na raba gardamar. Na ce, “Yaya, bar shi ya wanke a gida. Bai taɓa ɓata na kowa ba.” Yaya ya kaɗe rigarsa ya ce, “To, ke kika ce.”

Shi maganin da kauri yake zuwa, sai an surka shi da ruwa. Malam da kansa yake ɗebo ruwan a jarka daga famfo, ban taɓa sa hannu a wannan aiki ba. Makon nan famfo ya ƙafe, shi kuma yana da aiki a Funtua na kwana biyu. Da zai tafi ya ce, “Ki samo mini ruwa mai tsabta sosai, kamar bokiti ɗaya. Ranar da na dawo za mu wanke na Inna.”

Ruwa mai tsabta sosai. Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba.

Ruwan rijiyarmu a ƙarshen rani ja ne kamar kunun kanwa. Na ɗebo, na jefa alam a ciki kamar yadda kowace mace take yi, na bar shi ya kwanta, na tsiyaye, na tace da farin ƙyalle har sau uku. Ya yi garau. Na tsaya ina dubansa a bokiti, sai na ji ba zan iya ba. Inna ba ta taɓa shan ruwa daga randar da ba a turara ba. Ko baƙunta ta je, in ta kurɓa ta ji babu ƙamshi sai ta ajiye moɗar a hankali ta ce ta ƙoshi. Ita ta koya mini tun ina yarinya. Yaya za a yi ruwan da zai taɓa fuskarta ya zama ruwan bokiti? Na je kasuwa na sayi sabuwar randa, na wanke, na kife ta a kan kasko da turaren wuta har hayaƙin ya kama cikinta. Na juye ruwan a ciki, na daddaƙa saiwar jema na jefa, na rufe da faifai. Washegari na tsame saiwar na sake tacewa. Kwana biyu ina wannan aiki ina kuka, amma kukan nan daɗi ne da shi, domin tun da aka binne ta sai ranar na samu abin da zan yi mata.

Ban gaya wa Malam ba. Ba ɓoyewa na yi ba, wallahi. Ban ga abin faɗa ba ne. Wace mace ke gaya wa miji cewa ta turara randa?

Ya dawo, da hantsi ya shiga ɗakin injin. Na kai masa ruwan a babbar kwalla. Ya karɓa, ya dubi ruwan, ya dube ni, idanuna duk sun kumbura. Ya ce, “Sannu da aiki.” Ya auna, ya surka magungunansa, ya jera kwalaben a komi. Ya zura hannuwansa cikin baƙar jakar da yake naɗa fim a cikinta don kada haske ya taɓa shi, ya fito da gwangwanin a rufe, ya kwantar. Ya ce in zauna in gani, tunda ni na ɗauka. Ruwa ya yi ɗumi, injin ya ja magani na farko, gwangwani ya fara juyawa.

Bai fi minti ɗaya ba aka ɗauke wuta.

Ƙugin ya tsaya cak. Malam ya yi salati ya ce, “Juya! Juya shi da hannu, kada ya tsaya!” Na durƙusa na sa tafin hannu ina murza gwangwanin kamar mai murza mazari a cinya. Ya ce na cika sauri. Na rage, ya ce na cika sanyi. Shi kuma idonsa a kan agogon hannunsa, yana cewa bai san daidai lokacin da injin ya fara ba. Ya zubar da maganin da hannu, ya zuba na biyu, wani ya zube a kan ƙafata. Ni ban san abin da nake yi ba. Ina juyawa ne kawai ina kiran sunan Allah, ina tunanin Inna tana cikin gwangwanin nan a duhu muna ta wuntsila ta. Sai da muka kai ga ɗauraya wutar ta dawo, injin ya farka ya yi ƙararsa kamar ba shi ba.

Da ya zaro ledar ya ɗaga ta wajen taga. Na ga Inna sau uku, ƙanƙanuwa, da mazarinta. Na ce, “Ta fito!” Malam ya matso da ita kusa da idonsa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya rataye ta a igiya ya maƙala mata abin shanya.

Bayan kwana huɗu ya dawo daga Zariya. Ya miƙa mini ambulan ya koma zaure. Audugar Yaya ta fito shuɗiya-shuɗiya. Saƙin ya koma ruwan toka. Lallen da ta kwana da shi ya fito kore kamar gansakuka. Fuskar kuwa wasu ɗigo-ɗigo da zane-zane sun bi ta kanta, kamar bangon da ruwan sama ya zubo wa. Ka san mace ce a zaune. In ba ka san Inna ba, ba za ka ce ita ce ba. Duka ukun haka suke. Malam ya ce ya sa sun buga har sau huɗu, ba daga takarda ba ne.

Yaya ya zo ya gani. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Malam mai inji, sannu. Uwarmu ce ka mayar aljana?” Malam ya sunkuyar da kai ya ce, “Wuta aka ɗauke, Alhaji. Laifina ne, da na bari ka kai Kano.” Daga ranar Yaya bai ƙara cin abinci a gidan nan ba. Wurin suna, wurin jana'iza, in Malam ya iso sai ya ce da na kusa da shi, “Ku ɓoye fuskokinku, ga mai komi nan.” Ya kuma hana a kira shi ɗaukar hoto a duk wata hidimar danginmu. Ni ma a lokacin wutar na ɗora wa laifi, ina zagin ta safe da yamma.

Sai da damina ta sauka na gane. Malam ya tari ruwan sama a baho don injinsa, ƙasar kwanon rufi ta ɗan gurɓata shi. Na ɗauko alam zan jefa, sai ya riƙe mini hannu. A hankali ya ce, “A'a. Ruwan inji ba a sa masa komai. Ko alam, ko wani abin ƙamshi. Maganin ba ya shiri da su.” Ya sake ni ya ci gaba da goge kyamararsa. Na shiga madafa na zauna a ƙasa, alam ɗin yana hannuna har ya jiƙe da gumi.

Me ya hana ni faɗa masa a ranar? Ban sani ba. Na ce sai gobe. Gobe ta yi, na ce ai wutar ma an ɗauke, wa ya san wanne ne. In na ga Yaya ya yi masa ba'a sai in ce yau zan faɗa, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa ko a ƙara masa miya. Tsoron Yaya nake ji ko kunyar Malam? Ko kuwa ba na so a ce 'yar Inna ce ta ɓata fuskar Inna da hannunta? Shekara huɗu ina haka. Shi kuma ya ci gaba da wanke fim ɗin mutane suna fitowa lafiya, har ya sayi ɗan janareta saboda wuta. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Shekara guda bayan an ba mu jihar Katsina, Malam ya tafi ɗaukar hoton biki wajen Kafur a kan babur ɗinsa. Motar hatsi ta same shi a hanya. Kafin azahar aka kawo mini shi a naɗe da tabarma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakata kaɗan, jikata.

To. Da na fita takaba na tafi Ƙarfi na durƙusa gaban Yaya na faɗa masa komai, alam da turare da jema. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Allah ya jiƙansa. Amma ke ma kin san ruwa mai tsabta ba ya ɓata abu. Kina so ki wanke mijinki ne, kuma ba laifi, matar kirki haka take yi.” Na rantse masa. Ya ce in daina rantsuwa a kan abin da ya wuce. Har shi ma ya rasu bai yarda ba.

Na kai hoton wurin wani mai hoto a Funtua, tsohon abokin Malam. Ya duba ya ce alam zai iya yin haka. Na ce to shi ne ke nan. Ya ce tsayawar gwangwani ma za ta iya. Da ya ji fim ɗin ya yi bazara a akwatin ƙarfe sai ya ce, to ai zafi ma yana mayar da kala kore. Na fito daga shagonsa na rasa hanyar tasha, a garin da na sani tun ina budurwa.

Abin da ban gaya wa Yaya ba shi ne na riga na faɗa wa Malam. Da safiyar ranar da zai tafi Kafur ne. Jajibirin ranar an yi sunan jikar Yaya, aka ɗauko wani mai hoto tun daga Funtua, Malam yana zaune a cikin taro hannu rabbana kamar baƙo. Na kwana da abin a raina. Da safe yana tsakar gida yana ɗaure jakar kyamara a bayan babur da roba, na zo na tsaya a bayansa, don ba zan iya kallon fuskarsa ba.

Na ce, “Malam, ruwan da na kawo maka ranar hoton Inna, na sa masa alam. Na turara randar, na sa jema.”

Bai juyo ba. Ya ja robar ya ƙulla. Ya ce, “Na sani. Tun kina bakin ƙofa na ji ƙamshin.”

Na ce, “Ka sani? Ka sani kuma ka zuba?”

Ya ce ya yi zaton ba zai yi wani lahani sosai ba, kuma har yanzu shi bai tabbata ruwan ne ba. Na ce to me ya sa bai ce in canza ba, ga jarka, ga babur, ko daga ina ne ai da ya samo wani. Me ya sa ya bar Yaya yana ci masa fuska shekara huɗu? Ina magana ina kuka, ban ma san ko yana jin abin da nake faɗa ba.

Ya tura babur ɗin har bakin zaure, ina biye da shi. Ya hau, ya gyara hularsa, sannan ya juyo ya dube ni.

Ya ce, “Kwana biyu kika yi a kan ruwan nan, idonki a kumbure. Da wane baki zan ce miki bai yi ba? Koma ciki, sai na dawo.”